Me Ya Sa Kwamfuta Ke Maƙalewa Yayin Kashe Ta?

Kashe kwamfuta ba kamar kashe ƙwan lantarki ba ne. Da zarar an ba ta umarni, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows, takan bi wasu matakai a jere. Da farko tana aika wa kowace manhaja da ke buɗe saƙo cewa ta kammala aikinta ta rufe. Daga nan sai ta tsayar da ƙananan manhajojin da ke aiki a ɓoye, ta kwashe bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta rubuta su a faifan ajiya. Sannan ta sallami direbobi, wato manhajojin da ke yi mata tafinta tsakaninta da firinta da sauran kayan da aka jona mata. A ƙarshe sai ta sa a yanke wuta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙi amsawa, na'urar za ta tsaya tana jira. Wannan jiran shi ake kira maƙalewa.

Matsalar tsohuwa ce. Kafin kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a shekarar 1995, yawancin kwamfutocin tebur ba sa iya yanke wa kansu wuta. Windows 95 kan rubuta a fuskar na'ura cewa yanzu ana iya kashewa, mutum ya danna makunni da hannunsa. A 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, wanda ya ɗora sarrafa wuta a kan babbar manhaja. Da bugu na biyu na Windows 98 ya fito a 1999, kwamfutoci da dama suka riƙa maƙalewa wajen kashewa, har sai da Microsoft ya fitar da gyara na musamman domin haka.

Wanda ya gamu da wannan matsala ya fara da haƙuri. Idan na'urar ta nuna tana sabunta manhaja, ko fitilar faifai tana ƙyaftawa, to aiki take yi, kuma yanke mata wuta a lokacin na iya lalata babbar manhajar kanta. Idan an daɗe babu motsi, sai a danne makunni na tsawon daƙiƙa huɗu ko fiye har ta mutu. Wannan mataki ne na dole kawai, domin duk abin da bai kai ga faifai ba ya salwanta, kamar yadda yake faruwa idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki.

Bayan an sake kunna ta, sai a nemi musabbabin ɗaya bayan ɗaya. A cire filas da firinta, a gwada kashewa. Idan ta mutu lafiya, laifin yana ga ɗayansu ko direbansa. Idan ba haka ba, a rufe manhajoji ta Task Manager kafin a kashe. Haka kuma ana iya tayar da ita a Safe Mode, inda take ɗaukar direbobin da suka zama tilas kaɗai. Idan ta mutu lafiya a nan, to wata manhaja ko direban da aka ƙara ne ke riƙe ta.

Akwai kuma wani abin lura. Tun daga Windows 8 na 2012, umarnin kashewa kan adana zuciyar babbar manhaja a faifai domin ta tashi da sauri, alhali umarnin sake kunnawa yana rufe komai ne ya faro daga tushe. Saboda haka, idan kashewa ce kaɗai ke maƙalewa, ya kamata malamin ɗakin kwamfuta ya dakatar da tsarin Fast Startup, ya sake gwadawa.