Fayil ɗin da bai kai girman hoto ɗaya ba: yadda bairos yake shiga jiki ya hayayyafa

A watan Janairun 2020, wasu masu bincike a ƙasar Sin suka ɗora wani fayil a intanet. Babu hoto a cikinsa, babu bidiyo, sai haruffa iri huɗu da aka jera a jere har kusan 30,000. Idan aka ajiye shi a waya, bai wuce kilobait 30 ba. Hoto ɗaya da aka ɗauka da kyamarar waya mai kyau zai iya ninka shi sau ɗari.

Abin da ke cikin fayil ɗin shi ne cikakken tsarin halittar bairos ɗin korona. Cikin watanni uku, wannan ɗan abu ya sa an rufe makarantu da kasuwanni da filayen jiragen sama a faɗin duniya, kuma a wannan shekarar babu maniyyacin da ya je aikin Hajji daga wajen Saudiyya.

Ta yaya abu ƙarami haka zai yi wannan ɓarna? Duk wanda ya taɓa sauke manhaja a wayarsa ya riga ya san rabin amsar. Manhaja umarni ce kawai. Ba ta iya yin komai sai ta samu na'urar da za ta karanta ta.

Umarni a cikin ƙunshi

Bairos abu biyu ne, wani lokaci uku. Na farko shi ne umarnin kansa, wanda aka rubuta da DNA ko RNA. Na biyu shi ne kwanson furotin da ya lulluɓe umarnin don kada ya lalace. Wasu, irin su korona da mura mai tsanani da HIV, suna da na uku: wata riga ta kitse daga waje.

Shi ke nan. Bairos ba ya cin abinci, ba ya numfashi, ba ya girma, ba ya samar da makamashi. A wajen jiki yana nan kamar fayil ɗin da aka bari a fulash cikin aljihu. Wannan ne ya sa har yau masana ke muhawara kan ko za a kira shi abu mai rai.

A nan ya bambanta da bakteriya, duk da cewa a Hausa dukkansu "ƙwayoyin cuta" ake ce musu. Bakteriya halitta ce cikakkiya mai cin abinci, tana kuma rabewa biyu da kanta. Idan bakteriya ƙaramar waya ce mai batirinta da injinta, bairos fayil ne kawai.

Ƙanƙantarsa ma ta daban ce. Faɗin korona kimanin nanomita 100 ne, wato sai an jera kusan dubu gefe da gefe kafin su kai kaurin silin gashi. Na shan inna ya fi shi ƙanƙanta, kimanin nanomita 30, kuma umarninsa haruffa 7,500 ne kacal. Na ɗan Adam kuwa ya kai biliyan 3. A 1892 wani masanin Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan da ya wuce ya ci gaba da harbin lafiyayyun ganye. Ba a ga abin da ido ba sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan an ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki.

Yadda yake kutse

An gina jikin mutum da ƙananan ɗakuna masu rai da ake kira sel. A cikin kowane sel akwai injina da ake kira ribosom, aikinsu su karanta umarni su ƙera furotin. Matsalar ita ce ribosom ba ya tambayar daga ina umarni ya fito. Duk abin da aka miƙa masa a tsarin da ya saba, zai karanta ya aiwatar.

Matakin farko shi ne mannewa. A jikin bairos akwai furotin da ya dace da wata ƙofa ta musamman a bangon sel, kamar yadda kan caja yake shiga ramin da aka yi dominsa kaɗai. Ƙayoyin da ke jikin korona suna kama wata ƙofa mai suna ACE2, wadda ake samu a hanci da huhu da hanji. HIV yana neman CD4, wadda ke jikin wasu sel na garkuwar jiki, shi ya sa garkuwar yake karyawa. Wannan dacewar ce take yanke wace halitta bairos zai kama, da wane sashe na jikinta. Bairos ɗin ganyen taba ba ya kama mutum.

Bayan ya manne sai ya shiga, ko dai rigarsa ta kitse ta haɗe da bangon sel, ko kuma sel ɗin ya haɗiye shi da kansa. A ciki kwanson ya buɗe, umarnin ya fito.

Daga nan sel ya koma masana'antar baƙo. Ribosom ya fara ƙera sassan bairos, ciki har da injin da zai kwafi umarnin sau da yawa. Abinci da makamashin da sel ya tanada don kansa duk a nan za su ƙare. Sassan su harhaɗu su zama sababbin bairos, sannan su fita. Wasu suna fasa sel ɗin su kashe shi, kamar na shan inna. Wasu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yago ɗan bangon sel ya mayar da shi rigarsa. Cikin sa'o'i, sel ɗaya zai iya fitar da ɗaruruwa ko dubbai, kowanne ya nufi sel na gaba.

HIV ya fi wayo. Yana juya umarninsa na RNA zuwa DNA, ya dasa shi a cikin DNA ɗin mutum, kamar muguwar manhajar da ta shige cikin tsarin wayar kanta ta yadda goge ta ba ya yiwuwa. Shi ya sa magungunan ƙanjamau suke danne shi ƙwarai, amma ba sa kawar da shi, kuma dole a ci gaba da shan su.

Daga jiki zuwa kwamfuta

Masana kwamfuta daga likitoci suka aro sunan. A farkon shekarun 1980 wani ɗalibin bincike a Amurka, Fred Cohen, ya yaɗa amfani da kalmar ga shirin da ke liƙa kansa a jikin wani shiri don a kwafe su tare. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta Brain, wanda ya bi faifan ajiya na wancan zamani ya zaga ƙasashe.

Kamannin yana da iyaka. Na kwamfuta mutum ne ya zauna ya rubuta shi. Na jiki kuwa yana sauyawa ne ta hanyar kuskure. Injin da ke kwafin RNA yakan yi tuntuɓe, ya sa wani harafi a madadin wani. Yawancin kurakuran ba sa amfanar bairos, wasu ma lalata shi suke yi. Amma idan ana kwafi biliyoyi a jikin miliyoyin mutane, wani kuskuren zai zo da sa'a, ya sa ƙayar ta fi kama ƙofa ko ta ɓace wa garkuwar jiki. Haka nau'in Omicron ya bayyana a watan Nuwamban 2021 da sauye-sauye sama da 30 a ƙayarsa kaɗai. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake sabunta rigakafin mura mai tsanani kowace shekara.

Abin da wannan ilimi yake warwarewa

Na farko, maganin mura. Mutum ya tashi da atishawa da yoyon hanci, ya wuce kemis ya sayi amoxicillin. Wannan magani yana aiki ne ta hanyar hana bakteriya gina bangonta. Bairos ba shi da irin wannan bango, don haka maganin ba shi da abin da zai kama. Kuɗi sun tafi, murar tana nan, kuma bakteriyar da ke jiki ta samu damar koyon jure maganin, ta yadda ranar da ake buƙatarsa da gaske zai iya ƙin aiki.

Na biyu, sabulu. Rigar korona da ta mura mai tsanani kitse ce, sabulu kuwa kitse yake narkarwa. Idan rigar ta yage, ƙayoyin sun tafi, babu sauran hanyar shiga sel. Wanke hannu na daƙiƙa 20 ya isa. Fuskar waya ma tana ɗaukar abin da hannu ya taɓa, don haka goge ta da ƙyalle mai ɗan sinadarin tsaftace hannu yana da amfani. Na shan inna ba shi da wannan riga, yana daɗewa a gurɓataccen ruwa, shi ya sa rigakafi ne babban makamin yaƙarsa.

Na uku, rigakafin kansa. Manhajar kariya ta kwamfuta tana gane ɓarawo ne idan an riga an ba ta siffarsa. Haka garkuwar jiki take. Rigakafi yana nuna mata bairos da aka raunana, ko wanda aka kashe, ko wani sashe nasa, don ta shirya kafin na gaske ya zo. Fayil ɗin nan na Janairun 2020 shi kamfanoni suka sauke suka tsara rigakafin mRNA, wanda ke ɗauke da umarnin ƙera ƙayar kaɗai. Umarnin ba ya shiga inda DNA yake, kuma jiki yana narkar da shi cikin 'yan kwanaki. Da ɗigon rigakafi aka kori shan inna na daji, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agustan 2020 cewa babu shi a yankin Afirka, bayan an ga na ƙarshe a jihar Borno a 2016.

Na huɗu, saƙonnin WhatsApp. A 2020 an yi ta yaɗa cewa 5G ce ke kawo korona, har aka ƙona turakun sadarwa a Ingila. Bairos abu ne mai jiki, yana buƙatar hanyar da zai bi: tari, jini, gurɓataccen ruwa, cizon sauro, ko fitsari da kashin ɓera, kamar zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Igiyar rediyo ba ta ɗaukar furotin. Korona ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020, kamfanonin sadarwa kuwa ba su fara sayar da 5G a ƙasar ba sai 2022.

Kafin a tura irin wannan saƙo zuwa wani zaure, tambayoyi biyu sun isa a auna shi: ta wace hanya bairos ɗin ya shiga jiki, kuma a wane mataki maganin da ake tallatawa yake tare shi? Saƙon da ba shi da amsar ko ɗaya, a bar shi inda aka gan shi.