Ƙofar da ke Rufe Bakin Amfilifaya: A Ina Ake Jona Ta?

Mai jita ya gama bugu, ya dafe tsirkiyoyi da tafin hannu, amma lasifika ta ƙi yin shiru. Gurnani na fita ƙasa-ƙasa, a samansa kuma ga wani siririn huci da ba ya yankewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da amfilifayar jitar lantarki da aka ƙure wa ƙarfi ya san wannan ƙarar. Saboda ita aka ƙera wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, wato feda, mai suna ƙofar tsare ƙara. Sayensa ba wuya. Wurin jona shi ne ake yawan tafka asara.

Gurnanin da hucin ba gidansu ɗaya ba. Gurnani daga jikin jitar yake tasowa. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla domin ya kamo motsinsu, sai dai ba ya zaɓe: har kaɗawar wutar gida yake kwasowa, sau 50 a daƙiƙa a Turai da Nijeriya da Nijar, sau 60 a Amurka. Shi ya sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu kashe gurnanin juna, ƙirar da ta hau jitar Les Paul a 1957. Jita irin Fender Stratocaster, wadda aka sani da naɗi guda-guda, har yau tana gurnaninta.

Huci kuwa yawanci a cikin amfilifaya ake haifarsa. Tun a 1928 John Johnson na ɗakin binciken Bell ya wallafa cewa zafi kaɗai yana sa kayan lantarki su fitar da ƙara, ko babu sautin da ya shiga. Ƙarar ba ta taka kara ta karya ba, sai an ninka ta. Sashen gaba na amfilifaya aikinsa ke nan: a irin Peavey 5150, wadda aka ƙera tare da Eddie Van Halen ta fito a 1992, sauti yana ratsa bawul ɗin 12AX7 hawa-hawa, kowane hawa yana ninka abin da na baya ya miƙo masa, da kiɗan da dattin.

Ƙofar ba ta wanke sauti. Mai gadi ce: idan ƙarfin sauti ya haura iyakar da aka sa mata sai ta buɗe, idan ya faɗi ƙasa ta rufe. Yayin da ake bugu, ƙarar tana nan daram, kiɗa ne ya danne ta. Maɓallin da aka rubuta wa Threshold shi ne iyakar, na Decay ko Release kuma shi ke faɗin saurin rufewa.

Galibin masu jita sukan fara da sa ta tsakanin jita da bakin amfilifaya. A nan tana jin hannun makaɗi sarai, tana kuma tare gurnanin maganaɗisu. Amma hucin da sashen gaba ke haifarwa a bayanta yake, ba ta ma san da shi ba.

Sai a juya bayan amfilifaya. Da yawa suna da ramuka biyu, Send da Return, inda sauti ke fita bayan sashen gaba, ya zaga ta waje, ya dawo ya shiga sashen da ke tura lasifika. Ƙofar da aka sa a wannan zagayen tana datse hucin kakaf, kuma ga wasu hakan ya wadatar. Sai dai akwai cikas. Sashen gaba da aka ƙure yana matse sauti har bugu mai taushi da mai ƙarfi da ƙarar banza su kusa zama tsayi ɗaya. Ƙofar takan rikice: ko ta yanke wutsiyar sauti tun bai mutu ba, ko ta riƙa buɗewa da rufewa tana in-ina. Idan kuma makaɗi ya taka ya koma tsaftataccen sauti, iyakar da ta dace ɗazu ta yi tsauri yanzu.

Maganin da ya fi gamsarwa shi ne a raba kunnen ƙofar da hannunta: ta saurara a wajen jita, ta yanke a bayan sashen gaba. Boss NS-2, da ta fito a 1987, tana da ramuka huɗu da ke ba da damar haka, da wayoyi huɗu. Jita ta shiga Input na ƙofar. Daga Send na ƙofar, waya ta tafi bakin amfilifaya, kuma duk fedar da ke ƙara wa sauti kaushi a kan wannan hanyar za ta zauna. Daga Send na amfilifaya, waya ta dawo Return na ƙofar. Ta ƙarshe ta tashi daga Output na ƙofar zuwa Return na amfilifaya. Da zarar yatsu sun tsaya, ƙofar ta ji shirun tun daga tushe, ta rufe a inda hucin ya taru. Decimator G String na kamfanin ISP a kan wannan dabarar aka gina ta, haka ma Zuul na Fortin mai ramin saurare na musamman. Wayoyin sun yi yawa a ƙasa, gaskiya ne, amma sun biya wahalarsu.

Fedar amsa-kuwwa da ta jinkirin sauti bayan ƙofa ake sa su, wato tsakanin Output ɗinta da Return na amfilifaya. In aka sa su gabanta, za ta sare amon da aka sayi fedar dominsa. Akwai dai inda sarewar ta zama ado: a ɗakin ɗaukar sauti na Townhouse da ke Landan a lokacin, Hugh Padgham ya datse amon gangunan Phil Collins da irin wannan ƙofa, sautin da ya fito a faifan Peter Gabriel na 1980 kuma ya mamaye waƙoƙin wancan zamani. Wancan da gangan ne.

Idan an jona komai daidai amma hucin bai tafi ba, a duba irin zagayen. A wasu amfilifayoyi, kamar wasu samfurorin Mesa/Boogie Dual Rectifier, wani kaso na sautin ne kawai yake fita ta zagaye, sauran yana wucewa ta ciki, inda ƙofar ba ta da iko. Sai an murɗa maɓallin gaurayawa zuwa ƙarshe, wani lokaci ma ba ya toshewa duka. Wasu zagayen kuma ƙarfin da suke fitarwa ya fi abin da ƙaramar feda ke iya ɗauka, sai sauti ya dakushe. In akwai makunnin da aka rubuta wa -10 da +4, a zaɓi -10. Sabon gurnani da ya ɓullo bayan ƙarin wayoyi yawanci daga wayar ƙasa ne ko daga caja ɗaya da ke ciyar da fedoji da yawa, kuma ƙofa rufa masa asiri kawai za ta yi.

Saiti kuwa ya danganta da kiɗan. Ƙungiyar Meshuggah ta ƙasar Suwidin ta gina salonta a kan bugu mai nauyi da ke tsayawa cak, shirun da ke tsakani yana cikin kiɗan. Mai bin wannan hanya yana son ƙofa mai saurin rufewa. Mai bin sawun Mdou Moctar ko Bombino, 'yan Nijar da suka kai jitar Abzinawa manyan dandalan duniya, akasin haka yake buƙata, domin yatsunsa na taɓa tsirkiya a hankali, sautin yana ja yana lanƙwasa, kuma ƙofa mai tsauri za ta cinye rabinsa. Hanyar gwaji ɗaya ce ga kowa: a buɗe maɓallin ƙarar jita duka, a dafe tsirkiyoyi, a ɗaga iyakar sannu a hankali har hucin ya ɗauke, a tsaya nan. Sannan a bugi tsirkiya ɗaya a bar ta ta mutu da kanta. In ƙofar ta riga ta, a sassauta iyakar ko a tsawaita lokacin rufewa, a sake bugawa.