Harshe da Gasar Injin Bincike

A shekarar 2009 kamfanin Microsoft ya ƙaddamar da Bing domin gogayya da Google, amma har yau kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet a duniya yana hannun Google. Dalili kuwa shi ne, kowace tambaya da aka rubuta tana ƙara wa injin fahimtar nufin jama'a, saboda haka wanda ya fi masu amfani shi ke ƙara yin nisa.

A Rasha, inda Yandex ya sha gaban Google, harshe ya taimaka, domin tun 1997 an gina shi bisa ilimin ƙirar kalmomin Rashanci.

Hausa ma tana da ƙalubalen da sabon inji zai iya shiga gasa ta kansa. Ɗalibi a Damagaram yana rubuta "ƴan", na Kano "'yan", mai gaggawa a waya "yan". Kalmar "fari" tana nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko somawa, tun da rubutu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Dole injin ya gane cewa "birni" da "birane" tushensu ɗaya, kuma Zinder ita ce Damagaram. Wannan aiki yana bukatar taskar rubutun Hausa mai yawa da masana harshe da za su tantance ta.