Beyar-ruwa: Dabba Mai Ƙafa Takwas a Cikin Ɗigon Ruwa

A shekarar 1773, wani limamin coci a garin Quedlinburg na ƙasar Jamus, mai suna Johann Goeze, ya ɗiga ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga wata 'yar halitta mai ƙiba tana taku a hankali da ƙafafu takwas. Takun nata ya tuna masa da beyar, babbar dabbar nan mai gashi ta dazukan Turai, sai ya laƙaba mata suna "ƙaramin beyar na ruwa". Bayan 'yan shekaru masanin Italiya Lazzaro Spallanzani ya ba ta sunan da littattafan kimiyya suka riƙe har yau, wato Tardigrada, ma'ana mai takun sannu. Da Bahaushe ne ya fara ganinta, ina jin da tafiyar hawainiya zai kwatanta ta.

Yawancinsu ba su wuce rabin milimita ba, mafi girma kuwa da kyar yake haura milimita ɗaya. Suna zaune cikin gansakukan da ke manne da duwatsu da bango da jikin itace, cikin ƙasa mai laima, cikin yashin bakin teku, daga tsaunukan Himalaya har zuwa ƙasan teku mai zurfin fiye da mita 4,000. Ko wanda ake cewa na tudu ne, ba ya motsi sai da siririn ruwa ya lulluɓe shi. Zuwa yanzu masana sun raɗa wa nau'i fiye da 1,300 suna, kuma kowace shekara ana ƙarawa.

Jikin beyar-ruwa kai ne da gaɓoɓi huɗu, kowace gaɓa da ƙafa biyu. Ƙafafun gajeru ne, kumburarru, ba su da gwiwa irin ta fara ko gizo-gizo. Shida na gaba su ne na tafiya. Biyun ƙarshe suna fuskantar baya, aikinsu ya fi karkata ga riƙe abin da dabbar take kai, kamar yadda mai hawan giginya yake dafe ta da ƙafa kafin ya miƙa hannu. Fatarsa ta ƙunshi sinadarin da ke taurara jikin ƙwari, kuma ba ta girma tare da shi, don haka yakan yi saɓa sau da yawa a rayuwarsa.

A ciki, abin da babu ya kusa fin abin da ke akwai. Babu huhu, babu zuciya, babu jijiyoyin jini. Iska ta fata take shiga, ruwan da ya cika cikinsa kuma shi ke zagayawa da abinci duk lokacin da ya motsa. Amma yana da ƙwaƙwalwa, da igiyar jijiya da ta bi ƙasan ciki mai ƙulli huɗu, ƙulli ɗaya ga kowace gaɓa, kuma nau'o'i da yawa suna da ɗigon ido biyu masu bambanta haske da duhu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a tarihin halittarsa ya rasa ƙwayoyin gadon da ke gina tsakiyar jiki, ta yadda kusan dukkan jikinsa ya yi daidai da yankin kai na ƙwaro. Kusan a ce kai ne ya yi ƙafafu yake yawo.

Inda ido ya kamata ya tsaya shi ne baki. Daga leɓe akwai wani bututu mai tauri da ya shige ciki, a gefensa biyu kuma akwai allurai biyu masu tsini. Da su yake huda jikin gansakuka ko na wata 'yar tsutsa, sannan wani dunƙulallen maƙoshi mai tsoka ya zuƙe ruwan cikin kamar famfo. A cikin maƙoshin nan, a yawancin nau'o'in da ke zaune a gansakuka da ruwan daɗi, akwai wasu 'yan sanduna masu tauri jere cikin layi. Idan lokacin saɓa ya yi, dabbar takan amayar da alluran da bututun gaba ɗaya, bakin ya rufe, ta daina ci har sai wasu gaɓoɓi biyu da ke gefen baki sun ƙera mata sababbi. Farata ma haka, tsofaffin su tafi da tsohuwar fata, sababbi su fito.

Waɗannan 'yan tarkace masu tauri su ne jarin mai rarrabe nau'i. Tsoka da hanji sukan ɓace wa ido idan aka danne dabbar tsakanin gilasai biyu, amma farce da bututun baki da ɓawon ƙwai suna nan daram. Yawancin sunayen da aka raɗa wa beyar-ruwa a kan waɗannan aka gina su.

Danginsa na kusa su ne halittu masu gaɓoɓin ƙafa, irin su ƙwari da kunama da ƙaguwa, sai kuma wasu tsutsotsi masu ƙafafu da laushin fata da ake kira Onychophora. Sai dai beyar-ruwa ba ya cikin kowannensu, babban gida ne mai zaman kansa. Gidan ya kasu kashi biyu manya.

Na farko shi ne Heterotardigrada, sunan da Ernst Marcus ya kafa a 1927. Waɗannan ana gane su da wasu 'yan gasu na jin motsi a kai, kuma mafitar ƙwai daban take da ta bayan gida. Akwai na teku a cikinsu, kamar Batillipes da ke zaune tsakanin ƙwayoyin yashi, wanda ƙafarsa ta ƙare da yatsu masu faifan mannewa don kada igiyar ruwa ta kwashe shi. Akwai kuma na tudu, kamar Echiniscus, mai farantai a gadon baya tamkar sulke, yawanci ja ko ruwan lemo saboda abin da yake ci. Shi da yawan farantan da wuraren da ƙayoyi suka tsiro ake tantance shi.

Na biyu Eutardigrada ne, kuma nan ne mafi yawan nau'o'in suke. Ba su da sulke, jikinsu sumul, mafita ɗaya ce ga ƙwai da bayan gida. Tunda waje bai ba da wata alama ba, sai a koma ga farce. Kowace ƙafa tana da farce biyu, kowane farce da reshe biyu. A jinsin Macrobiotus farcen biyu kamarsu ɗaya, suna kallon juna, kowanne kamar gwafa. A Hypsibius na waje ya bambanta da na ciki a tsawo da siffa. Milnesium kuwa ya fita zakka: dogon reshen farcensa ya rabu da gajeren, bakinsa na da faɗi kewaye da 'yan tsiro shida, maƙoshinsa babu sanduna ko ɗaya. Mafarauci ne, yana cin ƙananan tsutsotsi har da sauran beyar-ruwa. Bambancinsa ya kai har a 2019 wasu masana suka ba da shawarar a cire shi a yi masa rukuni na kansa.

Sannan ga rukuni na uku, wanda labarinsa ya fi shi kansa daɗin ji. A 1937 wani Bajamushe mai suna Gilbert Rahm ya ce ya sami wani nau'i a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Unzen, kusa da Nagasaki a Japan, mai haɗa siffofin rukunan biyu. Ya kira shi Thermozodium esakii, ya buɗe masa rukuni sukutum, Mesotardigrada. Zanensa ya rage, samfurin bai rage ba. Masu bincike sun koma yankin sun tace ruwa da gansakuka ba su same shi ba, kuma yau ana lissafa sunan cikin waɗanda ake shakka. Duk da haka littattafai da yawa suna nan suna jera rukunan uku kafaɗa da kafaɗa, kamar dukkansu an gan su da ido.

A ganina ƙwai ne abu mafi ban sha'awa a wannan fanni. Wasu, irin su Hypsibius da Milnesium, sukan zuba ƙwai masu santsi cikin tsohuwar fatar da suka saɓe, ta zame musu kwando. Macrobiotus kuwa a fili yake sakin nasa, kuma ɓawon cike yake da ado: wani kamar ƙaya, wani kamar tulluwa, wani kamar an kife ƙananan kofuna. Nau'i biyu za su iya yin kama ta farce da baki har gwani ya kasa raba su, amma ƙwansu ya tona asiri. Shi ya sa mai bincike yakan tara manya da dama a gilashi, ya ƙi furta suna har sai ya sami ƙwai. Don rage dogaro da ido, masanin Italiya Giovanni Pilato ya kawo wata dabara a 1981: a auna kowane sashe a kwatanta shi da tsawon bututun baki, ta yadda ƙaramar dabba da babba na nau'i guda za su ba da lissafi kusan ɗaya.

Da gwajin DNA ya shigo, sai ya zama kama da wane ba ta wane ba ce. Macrobiotus hufelandi, wanda aka bayyana tun 1834, da Milnesium tardigradum na 1840, an daɗe ana rubuta cewa suna kowace nahiya. Ashe nau'o'i ne barjat aka tara ƙarƙashin suna guda. Yanzu wanda zai raɗa sabon suna yakan haɗa awon jiki da hoton ƙwai da jerin DNA. Ba kuma sai an je nesa ba: Macrobiotus shonaicus, da aka bayyana a 2018, daga gansakukan wurin ajiye motoci na wani gidan haya a garin Tsuruoka na Japan aka samo shi.

Abin da ya yi wa beyar-ruwa suna a duniya, wato juriya, shi ma yana bin wannan rabe-rabe. Idan gansakuka ta bushe, na tudu yakan janye kai da ƙafafu, ya dunƙule kamar 'yar ganga, ya zubar da kusan dukkan ruwan jikinsa. Gaiwa ma takan kwanta cikin laka ta jira damina, amma ita da laimarta take kwana tana numfashi, shi kuwa bushewa yake yi ƙayau. A wannan hali aka fitar da wasu sararin samaniya a kumbon Foton-M3 a watan Satumba na 2007, suka yi kwana goma, da yawa suka farfaɗo. A 2014 masana a Japan suka narkar da gansakukan da aka ɗebo daga Antatika aka daskarar tun 1983, wasu suka tashi, ɗaya har ya yi ƙwai ya hayayyafa. Amma wannan baiwa ta mazauna wuraren da ke jiƙa su bushe ce. Yawancin na teku, da ba su taɓa sanin rani ba, da zarar ruwa ya janye daga jikinsu mutuwa suke yi.