Tsibiran Yawuri: Tarihin Gungawa da Haƙƙinsu a Kan Ruwa

Ruwan daminar da ke sauka a gonakin Dalijan da Gwandu da Kalgo yakan gangara Gulbin Kabi, daga nan ya faɗa kogin Kwara. Can kudu, a ƙasar Yawuri, kogin yana buɗewa ya rarrabu, ya bar tsibirai a tsakiyarsa. Nan ne mazaunin Gungawa, masu kiran kansu Reshe, maƙwabtan Sarkawa masunta.

A da, tsibiri ganuwa ce. A zamanin jihadi Sarkin Yawuri Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya miƙa wuya ga Gwandu. Da rikicin sarauta ya ɓarke a tsakiyar ƙarni na 19, fada ta bar Bin Yawuri ta koma tsibirin Ikum, inda barde da dokinsa ba sa isa sai da kwalekwale. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da ita Yelwa.

Kogin kuma shi ke ciyar da Gungawa. Da zarar ruwa ya janye, Bagunge zai dasa albasa a lakar da ya bari, ya riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya yana shayar da ita.

Dam ɗin Kainji, da aka gina daga 1964 zuwa 1968, ya sauya komai. Tafkinsa ya haɗiye tsohuwar Bussa da mafi yawan tsibirin Foge, aka tashi mutum kusan 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Najeriya ta samu lantarki, su kuwa suka rasa gonaki da kushewun kakanni.

Har yau jirgin ruwa ne motar mutanen yankin zuwa kasuwa da asibiti, kuma sau da yawa tsoho ne, an yi masa lodi fiye da kima. A watan Mayun 2021 wani ya nutse kusa da Warrah da ke Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta.

Akwai abin koyi a wajen Japan: ƙasar da ke da tsibirai sama da 14,000, tun 1953 ta yi dokar raya tsibiranta na nesa. Sado, tsibirin da ya yi suna da haƙar zinariya, manyan jirage ne ke haɗa shi da Niigata a kan jadawali.

Mutanenmu ma sun cancanci irin wannan. Ya kamata Gwamnatin Kebbi da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, su samar da jiragen ƙarfe, su tilasta sanya rigar ruwa, su tsayar da mai ƙidayar fasinja a kowace mashiga. Waɗanda suka ba da ƙasarsu don mu ga haske suna bin mu wannan bashi.