Kiɗan Zumuntar Mata: me ya sa na fili ya bambanta da na faifai?

Yau za mu ɗan ajiye waƙoƙin fim a gefe, mu leƙa wani kiɗa da da yawanmu muke jiyowa daga nesa ran Lahadi ko a bikin maƙwabta, amma ba mu cika tsayawa mun saurare shi da kyau ba. Ina nufin kiɗan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci masu waƙoƙin yabo da Hausa. Na daɗe ina bin su, a fili da kuma a faifai, kuma abin da na lura shi ne waƙa ɗaya takan zama kamar biyu: wadda ka ji a gabansu daban, wadda aka tura maka a waya daban. Dalilin hakan nake so mu duba.

Kusan duk majami'ar da ake sujada da Hausa tana da irin wannan ƙungiya, musamman a ECWA da COCIN, waɗanda hedikwatarsu ke Jos, da kuma EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo tushe a Garkida a 1923. A ƙaramin coci ba su da yawa, kuma ba sana'arsu ba ce: akwai malamar makaranta, akwai mai sayar da tumatir, akwai nas, akwai kaka mai jikoki. Yawancinsu ma Hausa ba ita ce harshensu na gida ba. Za ka tarar da Berom da Ngas da Tarok a Filato, Bajju da Atyap a kudancin Kaduna, Bura da Margi a Borno da Adamawa, Tangale a Gombe. Hausar ce ta haɗa su, ita ce ta kasuwa, ita ce kuma ta Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakkensa tun 1932. Shi ya sa karin harshensu yake da wani ɗanɗano da ba irin na Kano ko Sakkwato ba.

Kayan kiɗansu ba su da tsada: ganga, kuge, abin kaɗawa na ƙwarya ko gora, sai kuma uwa uba tulu. E, tulun ƙasa dai irin na ruwa. Mace za ta zauna ta sa shi a gabanta, ta riƙa dukan bakinsa da wani faffaɗan soso. Kowane duka yana danna iskar da ke cikin tulun, iskar ta dawo da ƙarfi, sai ka ji wani amo mai kauri yana fita. Idan tulun babba ne amon ya fi zurfi, ƙarami kuwa ya fi kaifi, don haka sukan jera biyu ko uku su riƙa amsa wa juna. Wanda ya san amadar marigayiya Barmani Choge, da yadda ake kifa ƙwarya a ruwa a kaɗa, ya riga ya gane dabarar: kayan ɗakin mata ne suka zama kayan kiɗa.

To a nan bambancin farko yake. Amon tulu ba kunne kaɗai ke jin sa ba, har a ƙirji yake sauka. Na taɓa zama kusa da masu tulu a bikin wata abokiyar karatuna a Jos, benci ma kansa rawa yake yi a ƙarƙashina. Sifikar waya ba za ta iya wannan ba, domin sauti mai zurfi sai an tura iska mai yawa yake fita, ita kuwa 'yar sifikar ba ta kai farcen yatsa ba. Sai ta yar da kaurin gaba ɗaya, ta bar maka ƙarar kuge da siririyar murya. Mutum ya ji haka a waya ya ce kiɗan ba shi da nauyi, alhali rabinsa aka ba shi.

Na biyu shi ne lokaci. Tsarin waƙarsu bayarwa da amshi ne: jagora ta jefa baiti, sauran su karɓa. A fili jagorar tana kallon jama'a. In ta ga wuri ya ɗauka sai ta ƙara baiti, ta sako sunan amarya, ta maimaita inda ya fi taɓa mutane. Kiɗan yakan fara a hankali, yana tafiya yana ƙara sauri ba tare da kowa ya ba da umarni ba, har wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Sahun ƙafafunsu a kan siminti, da yadda rufin kwano ke dawo da murya, duk suna cikin kiɗan. A situdiyo babu wannan. Kuɗi ake biya gwargwadon aiki, ɗakin ƙarami ne, don haka sau da yawa mutum huɗu ko biyar ake ɗauka, a naɗi muryarsu sau da dama a ɗora wata kan wata don ta yi kamar taro. Kiɗan kuma a kwamfuta ake jera shi, saurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Na ukun mu masu kallon finafinan Hausa mun fi kowa saninsa: fiyano. Yadda fiyano ya ture kalangu da sarewa a waƙoƙin fim, haka yake neman ture tulu a faifan waɗannan mata. Ɗaukar amon tulu da makirufo aiki ne mai wuya, sai ɗaki mai kyau da haƙuri, shi kuwa mai situdiyo maɓalli ɗaya zai danna ganga ta fito. Daga nan a bi muryoyin da Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997, a goge duk wata 'yar karkata. Matsalar ita ce daɗin amshin mata ashirin yana cikin wannan karkatar, wata ta ɗan yi sama, wata ta ɗan makara. In aka daidaita su tsaf, sai su koma murya ɗaya mai sanyi, ka kasa bambance su da kowace waƙar da aka buga a wannan situdiyon.

Kar ku ɗauka ina kushe faifai ne fa. Faifai yana ba ka abin da fili ba ya bayarwa. A taro, kiɗa da guɗa da ƙarar janareto sukan cinye kalmomi, amma da iyafis a kunne sai na ji baitin daki-daki. A nan na gane waƙoƙinsu ba su tsaya kan yabo kaɗai ba. Suna wa mata nasiha a kan zaman aure, suna jan kunnen maza masu shaye-shaye, suna maganar tarbiyyar yara, gulma, rashin lafiya, mutuwa da zaman lafiya. Ko ba addininku ɗaya ba, za ka ji damuwar uwa irin wadda ka sani a gidanku. Kuma faifai shi ke ajiye waƙa. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba, suna kan wadda ta ƙirƙira ne, in ta rasu ko ƙaura ta watsa ƙungiyar, shi ke nan. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, jama'a suka watse. A 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zagaya Amurka tana waƙa, mutanen can suka ji labarin daga bakin waɗanda abin ya shafa. Irin wannan murya ba ta cancanci ɓacewa ba.

Sai batun kuɗi. Manyan mawaƙan bishara irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange da Jeremiah Gyang sunansu ya riga ya yi nisa, ana gayyatarsu manyan taruka. Ƙaramar ƙungiya kuwa karo-karo take yi kafin ta shiga situdiyo, kuma faifan na fita sai ya faɗa hannun masu tura waƙoƙi a mimori, su ko sisi ba ta dawo musu. Mun ga yadda wannan ya karya kasuwar sidi a Kannywood, ina ga waɗanda ba su da furodusa ko ɗan kasuwa a bayansu?

Ga shawarata ga mai son ya ji daɗin kiɗan nan yadda ya kamata. In faifai ne, nemi iyafis mai kyau ko sifika mai ɗan girma, kuma ka nemi asalin waƙar, domin wadda ta yi ta yawo daga waya zuwa waya an matse ta har ta rame. Fifita bidiyon da aka ɗauka a wurin taro a kan wanda aka yi rawa a kan duwatsu ana bin kiɗan situdiyo da baki. In kuwa fili ne, ba sai ka shiga sujada ba: bikin aure, bikin Kirsimeti a unguwa, ko gayyatar abokin aiki sun isa. Samu wuri kusa da masu tulu, ka bar kunnenka ya bi su minti biyu kafin ka koma kan muryoyi. Nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauke su, iyayen wasu ne. In kuma suna sayar da faifansu a bakin ƙofa, saya a hannunsu, wannan kuɗin ne zai kai su situdiyo karo na gaba.