Shirin doguwar tafiya a hunturu: Abin da hanyar Kano zuwa Maiduguri ke buƙata

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi ta baza ta a Arewacin Najeriya. A ranakun da hazo ya yi kauri, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan yi gargaɗin cewa ido ba zai iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba. A wannan lokacin ne kuma tafiye-tafiye ke yawaita saboda hutun makarantu da bukukuwan aure na ƙarshen shekara. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai kusan kilomita 600, wadda ta ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ta tara kusan duk matsalolin da matafiyin hunturu kan gamu da su.

Lissafin lokaci ya fi komai muhimmanci a wannan hanya. Rana kan faɗi a Maiduguri kafin ƙarfe shida a watan Disamba, kuma jami'an tsaro sun saba rufe hanyar shiga birnin da yamma. A Fabrairun 2020, matafiyan da suka makara suka kwana a garin Auno, inda mahara suka far musu cikin dare, suka kashe aƙalla mutum 30. Don haka wanda ya ga yamma ta yi masa a Potiskum ko Damaturu, ya kwana a nan ya fi masa. Sai dai sammakon ma yana da nasa haɗarin, domin da asuba hazo da hayaƙin ƙonar daji kan kwanta a kan titi. Tashi bayan gari ya waye sosai, da tambayar direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar, shi ne tsaka-tsaki.

Mota kuwa, a kai ta wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba ranar da za a tashi ba, don a samu damar gwada gyaran a cikin gari. Ƙura kan toshe matatar iskar inji, sai mota ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai. Batirin da ya tsufa kan ƙi tayar da mota da sanyin safiya. A duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto, domin sanyin asuba yaudara ne, da rana zafi kan kai digiri 30. Sanyi kan rage iskar taya, saboda haka da safe ake auna ta kafin taya ta ɗau zafi. Lambobi huɗu da ke gefen kowace taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Yawancin tayoyin gwanjo a nan asirinsu ke tonuwa. A saka tayar ko-ta-kwana mai iska, da jak, da sifana, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku.

Direbobi da yawa kan kunna fitila mai haska nesa idan sun shiga hazo, alhali haskenta dukan ƙura yake yi ya dawo idon mai tuƙi. Fitilar kusa ita ce daidai, tare da rage gudu da barin tazara. Kada a kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura, domin yashin kan kankare shi. Galan ɗin ruwa da tsumma sun wadatar.

Ga fasinjoji, a tanadi rigar sanyu da hula da safa da bargo, musamman ga yara da tsofaffi, sannan man kaɗanya ko basilin don leɓe da ƙafa, da takunkumin rufe hanci. Mai ciwon asma ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu, kada ya cusa shi cikin jakar da aka ɗaure a but. Mutum bai cika jin ƙishirwa a hunturu ba, amma busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki, don haka a yawaita shan ruwa. Fulas ɗin shayi da dabino da kilishi da gurasa guzuri ne da ba ya lalacewa a yini ɗaya. Idan mota ta mace a hanya, kada sanyi ya sa a rufe tagogi a bar inji na aiki, ko a shigo da kaskon gawayi: iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Shingayen bincike suna da yawa daga Yobe zuwa Borno, don haka katin shaida da lasisin tuƙi da takardun mota su kasance a kusa. A cika tanki a manyan garuruwa, a riƙe tsabar kuɗi domin sabis kan ɗauke, a cika waya da caji, a kuma sanar da wani ɗan uwa lambar motar da lokacin da ake sa ran isa. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122.